HamStudy: manhajar shirin jarrabawar rediyon 'yan sha'awa, da iyakar amfaninta ga ɗalibi a Zamfara

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce, abin ya zarce, har mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya hau mota ya tsallaka wata jihar. Duk wanda ya ga wannan zamani ya san darajar hanyar magana da ba ta dogara da turken kamfanin waya ba. Hanyar tana nan, ta ma girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Ita ce rediyon 'yan sha'awa, wanda masu yinsa ke kira "ham": mutum ya kafa eriyarsa, ya kunna na'urarsa, ya yi magana da wani a garin gaba ko a wata nahiya, ba don kasuwanci ba, sai don koyon fasaha da taimako lokacin da sauran hanyoyi suka mutu. Sai dai ba a shigarsa da ka. Akwai lasisi, akwai jarrabawa a gabansa, kuma kowace tasha tana da lambar kiranta. Ta 'yan Najeriya da 5N take farawa.

Abin da muka duba a nan shi ne HamStudy, shafin intanet da manhajar waya na shirin wannan jarrabawa. Wajen koyon lissafin lantarki, eriya da tafiyar sigina, kayan aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma shafin kyauta ne. Amma jarrabawar Amurka aka gina shi a kai. Ɗalibin da ke Gusau ko Ƙaura Namoda idan ya haɗiye shi duka ba tacewa, zai cika kansa da dokar ƙasar wasu, kuma akwai tambaya ɗaya aƙalla da amsarta za ta iya jawo masa kamun wuta a gidansa.

Ba za a gane dalilin da ya sa manhajar take haka ba sai an san yadda jarrabawar kanta ta sauya.

Amurka ta fara wajabta lasisi da dokar rediyo ta 1912. Shekaru da dama bayan haka, mai nema ofishin hukumar sadarwarsu, FCC, yake zuwa da ƙafarsa, jami'in gwamnati ya zaunar da shi. Tambayoyin a ɓoye suke. A zamanin farko ana sa mutum ya zana taswirar haɗin na'ura da hannunsa, ya yi bayani a rubuce. Kafin ma a kai ga takarda sai an ci jarrabawar Mos, wato ƙwanƙwasar tangaraho ta ɗigo da ja. Matakin Novice, wanda aka ƙirƙiro a 1951, kalma 5 a minti. General kalma 13. Extra kalma 20. Harafi biyar ake lissafawa kalma ɗaya, kuma a tsohon tsarin ana son ka rubuta minti guda cur ba kuskure daga cikin minti biyar da aka buga maka. A kalma 13, harafi 65 ke nan a jere. Nan mutane da yawa suka tsaya. Wanda ya koyi Mos ta hanyar ƙirga ɗigo a zuciyarsa yakan cije a wajen kalma 10, domin daga nan ƙirge ba ya iya bin gudun sautin, sai dai kunne ya gane harafin kai tsaye kamar yadda yake gane kiɗan kalangu.

A 1984 gwamnati ta miƙa jarrabawar ga masu sa kai daga cikin 'yan ham ɗin da kansu, mutum uku a kowane zama. Da wannan sauyin tambayoyi suka fito fili: aka riƙa wallafa rumbun tambayoyin gaba ɗaya da amsoshinsu, kowa ya karanta. A 1991 aka buɗe matakin Technician ba tare da Mos ba. A watan Afrilu na 2000 aka rage matakan da ake bayarwa zuwa uku, aka mayar da Mos kalma 5 ga General da Extra. Sai babban taron ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, na 2003 a Jeniba ya cire wajabcin Mos daga dokar duniya, ya bar wa kowace ƙasa zaɓi. Ingila ta ajiye shi a shekarar. Amurka ta bi baya ranar 23 ga Fabrairu 2007. Ita Ingila, tsohuwar jarrabawarta City and Guilds ce ke shirya ta, sunan da tsofaffin masu aikin lantarki a ƙasar nan suka sani sarai, tare da Mos kalma 12. A 2002 ta shigo da matakin Foundation na masu farawa, wanda yanzu tambaya 26 ne, a ci 19. Da annobar korona ta zo a 2020, ƙasashen biyu suka koma yin jarrabawa ta intanet, mai sa ido yana kallonka ta kyamara.

A ganinmu cire Mos daidai ne. Ya hana ƙwararrun masu gyara da injiniyoyi shiga saboda abin da bai shafi iya sarrafa na'ura ba. Amma wani abu ya salwanta a hanya. A da ba ka isa ka kai ga lasisi ba sai ka zauna gaban wani dattijo na watanni, yana buga maka kana rubutawa, a nan kake ganin yadda yake yanka eriya da yadda yake riƙe ƙarfen soda. Yanzu mutum zai iya haddace amsoshi cikin mako biyu ya ci, bai taɓa riƙe mitar gwada wuta ba. HamStudy ɗiyar wannan sabon zamani ce. Tana iya zama malama, tana iya zama injin hadda, ya danganta da yadda ka riƙe ta.

Jarrabawar Technician tambaya 35 ce, canki-canka mai zaɓi huɗu, a ci 26. General ma haka. Amateur Extra tambaya 50, a ci 37. Dokarsu ta ce rumbun ya ninka adadin tambayoyin jarrabawa aƙalla sau goma, shi ya sa na Technician ya haura 400. An kasa shi rukuni 35, kuma tambaya ɗaya ake ɗaukowa daga kowane rukuni. Ana sabunta kowane rumbu duk shekara huɗu: na Technician da ya fara aiki 1 ga Yuli 2022 wa'adinsa 30 ga Yuni 2026, na General daga 2023 zuwa 2027, na Extra daga 2024 zuwa 2028. Don haka kafin ka fara, duba shekarun da aka rubuta a jikin rumbun. Wanda ya samo tsohon fayil a WhatsApp yana iya ɓata wata guda a kan tambayoyin da aka riga aka cire.

Hanya uku ake karatu a shafin. Akwai ta karanta tambayoyi a jere da amsarsu. Akwai Study Mode, inda ake jefo maka tambaya ɗaya-ɗaya, wadda ka faɗi ta riƙa dawo maka har ka kama ta. Akwai kuma gwajin jarrabawa cikakke, wanda ake haɗawa kamar na gaske. Idan ka buɗe asusu, yana nuna maka kashi nawa na rumbun ka gani da inda kake da rauni, sashe-sashe. Wanda ya yi shirin JAMB ta kwamfuta ba zai ga baƙon abu ba. Manhajar waya ta Android da iPhone ta kuɗi ce, 'yan daloli kaɗan sau ɗaya, kuma tana aiki ba data. Ga mutumin Anka ko Maru, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan kaɗai ya isa dalilin saye, in an samu katin da zai biya.

Abin da ya fi komai daraja shi ne bayanin da ke bayan kowace tambaya. Masu amfani da shafin ne ke rubuta shi, shi ya sa bai zama ɗaya ba. Wani bayanin yana warware lissafin daki-daki, wani kuwa dabarar tuna amsa ce kawai, irin "zaɓi wadda ta fi tsawo". Tsallake irin wannan na biyun. A jarrabawar gaske ana iya juya jerin amsoshin, kuma eriyar da ke kan rufinka ba ta san A da B ba. Shawararmu: kada ka taɓa gwajin jarrabawa sai ka ga kowace tambaya sau ɗaya, ka buɗe bayaninta ko da ka ci, ka kuma yi kowane lissafi a takarda kafin ka duba zaɓin.

Sashe goma ne a Technician. T5, T6 da T7, wato ƙa'idojin lantarki, kayan haɗi da da'irori, tambaya huɗu-huɗu suke bayarwa, kuma babu abin da ke cikinsu da bai yi aiki a Talata Mafara ba. Dokar Ohm ɗaya ce a ko'ina. Bolt 12 a kan rezisto mai om 6, amfiya 2 ne. A ma'aunin ƙarfin sigina, ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfi, desibel 10 ninki goma. Wannan ƙaramin lissafi yana hana asarar kuɗi: mai oba-oba da aka ce masa ya bar ta wat 5 ya sayi ta wat 8 zai gane cewa bambancin desibel 2 ne kawai, wanda na ɗaya ɓangaren da ƙyar zai ji. Ɗaga eriya ya fi ƙara wat. A zangon VHF, wanda oba-oba ke aiki a kai, sigina kusan a miƙe take tafiya, nisan da take kaiwa a kilomita kuwa kusan 4.1 ne sau tushen (square root) tsayin eriya a mita. A hannu, tsayin mita ɗaya da rabi, kilomita 5 ke nan a fili. A kan bututu mai mita 9, kilomita 12. Idan dutse irin na Kwatarkwashi ya shiga tsakani, zance ya ƙare ko wat nawa ne, sai dai a ɗora na'urar maimaita sigina a samansa.

Sashen T3 na tafiyar sigina zai yi wa masu sauraren gajeren zango daɗi, domin yana bayyana abin da kunnensu ya daɗe da sani. Tsawon zango a mita shi ne 300 a raba da MHz. Mita 41 da ake kama tashoshin waje a kai, maƙwabciyar mita 40 ce ta 'yan ham. Dalilin da ya sa mita 16 ke kamawa da rana, mita 49 da dare, shi ne yadda rana ke sauya saman sararin da sigina ke karo da shi ta dawo ƙasa.

Yanzu ga inda ake taka tsantsan.

A sashen kariya, T0, ana tambayar me baƙar waya ke nufi a kebul mai waya uku na bolt 120. Amsar Amurka: ita ce mai wuta. Farar waya ce nutural a can, koriya ta ƙasa. A Najeriya wutar gida bolt 230 ce, kuma launukanmu na Ingila ne: ruwan ƙasa mai wuta, shuɗiya nutural, kore da rawaya ta ƙasa. A tsohon tsari, wanda har yanzu ya cika gidajenmu, ja ce mai wuta, baƙa kuma nutural. Wato baƙar waya ma'anarta a can kishiyar ma'anarta ce a nan. Kuma ko launin nan namu ba abin dogaro ba ne a gidan da aka ja wuta da ragowar kebul. A gwada da testa kafin a taɓa, kullum.

Na biyu, iyakokin zango. ITU ta raba duniya shiyya uku. Amurka tana ta biyu, Afirka da Turai suna ta ɗaya. Manhajar za ta koya maka cewa zangon mita 2 daga 144 zuwa 148 MHz ne. A shiyyarmu 144 zuwa 146 ne. Santimita 70 a can 420 zuwa 450, a nan 430 zuwa 440. Mita 40 a can ya kai 7.3, namu a 7.2 ya tsaya, daga nan sai gidajen rediyo. Mita 80 a can har 4.0, a nan 3.8. Zangon 222 zuwa 225 MHz kuwa ba namu ba ne sam. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin oba-obar da ta yaɗu a kasuwa, Baofeng UV-5R, tana watsawa daga 136 zuwa 174 MHz da kuma daga 400 zuwa sama, ba ta san iyaka ba. Duk lambar da ka danna za ta bi, ko ta wace hukuma ce. Sashen T1 gaba ɗaya, tambaya shida, dokar FCC ce. Karanta shi don sanin yadda wasu suka tsara nasu, kada ka ɗauke shi dokarka. Abin da ya zama na kowa a cikinsa kaɗan ne: ba a kasuwanci a wannan zango, ba a ɓoye ma'anar magana da lambobin sirri, ba a mayar da shi gidan rediyo, kuma dole ka riƙa faɗin lambar kiranka. Mai neman hanyar sirri tsakaninsa da yaran shagonsa, ba nan ne wurinsa ba. Duk mai na'ura yana jin abin da ka faɗa.

Na uku, awo. Da ƙafa da inci suke lissafi. Za a ce maka eriyar kwata, wato mai rubu'in tsawon zango, ta 146 MHz inci 19 ce. Kai da tef ɗin mita za ka yanka, don haka riƙe wannan: tsawon eriya mai fiffike biyu a mita, 143 a raba da MHz. A 7.1 MHz, mita 20.1 gaba ɗaya, kusan mita 10 kowane fiffike. A 14.2 MHz, mita 10 da ɗan kai. Eriyar kwata ta 145 MHz, santimita 49. Ka yanka da rarar santimita 20 ko 30 a kan dogayen, ka riƙa naɗe bakin kana duba mitar SWR, mai nuna yadda eriya ta dace da na'ura, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi.

Akwai kuma abubuwan da manhajar ba za ta gaya maka ba, saboda ba a ƙasarmu aka rubuta ta ba. Kebul ɗin dish da ake sayarwa ko'ina, RG-6, om 75 ne, na'urorin ham kuwa om 50 suke so. Zai yi aiki, SWR zai tsaya wajen 1.5, wanda ba laifi ba ne. Matsalarsa saƙar alminiyom da ke cikin mafi yawansa: ba ta kama soda, sai a matse ta da filogi irin na dish a sa adafta. Siririn RG-58 kuma daidai yake a om, amma a 145 MHz mita 15 nasa yana cinye kusan rabin ƙarfinka. Da hunturu, busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a doguwar waya har ka ji tana ƙyas-ƙyas a bakin filogi, abin da kan ƙone ƙofar shigar sigina. A ba cajin hanyar zuwa ƙasa, a zare eriya in ba a aiki. Da damina, da ka ga hadari ya haɗo, zare kebul ɗin ka fitar da shi daga ɗaki. Inbata da cajar sola masu araha suna cika gajeren zango da shuuu. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora rediyon a batir kaɗai, kashe inbata, in ƙarar ta faɗi ka gano ɓarawonka. Na'urar HF, wato ta gajeren zango, mai wat 100 tana jan kusan amfiya 20 a bolt 13.8 lokacin magana, don haka waya mai kauri, gajeriya, da fis kusa da kan batir.

Wanda burinsa ya haɗa Gusau da Birnin Kebbi ba tare da sabis ba, Technician ba zai ishe shi ba, sai ya wuce zuwa rumbun General. A can ake bayanin dabarar da ake kira NVIS: a shimfiɗa eriya mai fiffike biyu ƙasa-ƙasa, mita 4 zuwa 6 daga ƙasa, sigina ta tashi kusan tsaye ta dawo kamar ruwan sama a kewayen kilomita ɗaruruwa, ba ruwanta da dutse. Mita 40 da rana, mita 80 da dare. Ga yanki irin namu babu darasin da ya fi wannan amfani a rumbunan uku, kuma tambayoyi 'yan kaɗan ne kawai suka taɓo shi.

Turanci ne zalla, kuma na fasaha. Ɗalibin lantarki na kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda ko ta Abdu Gusau zai wuce sashen lissafi cikin kwanaki. Mai gyaran rediyo da ya koyi aiki a hannun ubangida, wanda ya fi ɗalibin sanin ƙamshin taransifoma da ta ƙone, shi zai sha wuya da kalmomin. Mafita su haɗu su biyu, waya ɗaya a tsakiya, na'ura a buɗe a kan benci: ɗaya ya fassara tambayar, ɗayan ya nuna kayan da ake magana a kai.

Mos ba ya cikin HamStudy tunda an cire shi daga jarrabawa, amma bai mutu a iska ba, kuma yana ratsawa da wat 5 inda murya ke nutsewa. Mai so ya duba shafin koyon Mos na LCWO, shi ma kyauta ne, yana bin hanyar Koch: harafi biyu da cikakken gudu, ba a ƙara na uku sai ka kama kashi 90 cikin ɗari.

Shafin yana da jerin zaman jarrabawa, har da na intanet, kuma ba sai ɗan Amurka ne ke iya zama ba. Amma FCC na buƙatar adireshin aika wasiƙa a cikin Amurka, da dala 35 kuɗin nema tun Afrilun 2022, ban da na masu shirya zaman, sannan intanet da wutar da ba za su yanke a tsakiya ba. Ko an ci, wannan lasisi na shekara goma bai ba kowa izinin danna maɓallin magana a Zamfara ba. A nan dokar Wireless Telegraphy ta 1961 ce ta wajabta lasisi ga na'urar watsa sigina, kuma izinin daga hukumomin sadarwa na tarayya yake fitowa. A fara da tuntuɓar Ma'aikatar Sadarwa a Abuja da ƙungiyar 'yan ham ta ƙasa, NARS, a ji sharuɗɗan da ke aiki a lokacin. A jihar da ake farautar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, oba-oba a aljihu ba takarda tana iya jefa mutumin kirki cikin bayanin da ba zai ƙare a shingen bincike ba. Kada a sayi na'urar watsawa sai takarda ta zo hannu.

Kafin nan akwai aikin yi da kunne. Shafukan WebSDR, irin na jami'ar Twente da ke Holan, suna ba ka damar murɗa rediyon gajeren zango ta waya ko kwamfuta. Zaɓi salon kama murya na LSB a kan 7.1 MHz da dare, ko na USB a wajen 14.2 da rana, ka rubuta lambobin kira goma da ka ji da rahoton siginar da suka ba juna, sannan ka koma sashen T2, na ƙa'idojin magana a iska, ka sake karanta shi.